Binciken ɗaliban jami'a a ƙasar Kurfai: Me 'yan kasuwa za su ƙaru da shi?

Da wuya a samu mai cin kasuwar Filinge ko ta Balayara ko ta Abala wanda bai taɓa ganin wani saurayi ko wata budurwa ba, rataye da jaka, riƙe da takarda da biro, suna bi rumfa-rumfa suna yi wa mutane tambayoyi. Wannan ya tambayi yadda ake raba gardamar bashi tsakanin dillali da mai dabba, waccan ta roƙi tsofaffi su rera mata waƙar niƙa ta ɗauka a waya, wani kuma ya ce shi abin da 'yan kokawa ke ci kafin su shiga fili yake son sani. Sau da yawa ba a sakar masu fuska. Wasu na ɗaukar su 'yan rahoton masu haraji, wasu na zaton ma'aikatan wata ƙungiyar agaji ce da ke rubuta sunaye domin rabon hatsi, wasu kuwa gani suke yi rashin aikin yi ne ya kawo su hana mutane ciniki.

To, waɗannan bayin Allah su ne ɗaliban bincike na manyan makarantu, kuma da yawansu 'ya'yanmu ne, da kuɗin ƙosai da na tumatir da na awaki aka yi masu karatu. A yau mun ga ya dace mu duba irin aikin da suke yi, da abin da irin wannan aiki ya taɓa tsinana wa ƙasar Kurfai da maƙwabtanta, da kuma haƙƙin da ɗan kasuwa ke da shi a kan ɗalibin da ya zo ya kwashi maganarsa ya tafi. Za mu fi ba da ƙarfi a kan fannoni huɗu da ke kusa da rayuwarmu, wato shari'a da adabi da fasaha da wasannin motsa jiki.

Yadda ake karatun

A tsarin da jami'o'in Nijar ke bi, ɗalibi kan yi shekara 3 ya samu digirin farko, wanda ake kira lisans, ya ƙara shekara 2 ya samu digiri na biyu, wato masta, idan kuma yana da hali ya ƙara aƙalla shekara 3 ya samu digirin digirgir, a fara kiran sa dakta. Daga digiri na biyu zuwa sama haddar darasi ba ta wadatarwa. Tilas ne ɗalibi ya zaɓi wata matsala guda, ya shiga cikin jama'a ko ɗakunan ajiye tsofaffin takardu ya nemo amsarta, ya rubuta kundi a ƙarƙashin kulawar wani malami, sannan ya tsaya gaban kwamitin malamai ya kare abin da ya rubuta, suna bincikar sa kamar yadda mai sayen bijimi ke buɗe bakinsa ya duba haƙora a kara.

Uwa ga jami'o'in ƙasar ita ce ta Yamai, wadda aka aza harsashinta a 1971, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973, sannan a 1992 aka sa mata sunan Abdou Moumouni, masanin kimiyyar hasken rana haifaffen Tasawa. A cikin jihar Tilaberi kanta akwai Jami'ar Musulunci ta Say da ta fara aiki a 1986, da Jami'ar Boubakar Ba ta garin Tilaberi da aka kafa a 2014. Ban da waɗannan, a Yamai akwai cibiyar IRSH mai binciken rayuwar al'umma, inda aka adana dubban tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da na ajami waɗanda marigayi Boubou Hama ya fara tarawa, da cibiyar CELHTO mai tattara tarihin baka tun 1968, da cibiyar LASDEL da aka kafa a 2001, da kuma makarantar INJS mai horar da malaman wasanni.

Yana da kyau mai karatu ya san cewa jami'ar Tawa da ta Damagaram duk suna ɗauke da sunayen mutanen da su ma suka fara da irin wannan yawon tambaya. Djibo Hamani ya bi ƙauyukan Adar yana zama gaban tsofaffi kafin ya fitar da littafinsa na tarihin Adar a 1975, shi kuwa André Salifou nasa a kan masarautar Damagaram ya fito a 1971. Ke nan yaron da muke kora daga bakin rumfa yau, ba mu san inda Allah zai kai shi gobe ba.

Abin da tambaya ta ceto na tarihin Kurfai

Duk mai son ganin amfanin tambaya ya dubi labarin Babule. A wajajen 1925 wata mata mai suna Shibo, 'yar garin Shikal, ta fito da wani sabon salon bori wanda iskokinsa ke kwaikwayon gwamna da kumandan da sojojin Nasara. Kafin a ce kwabo matasa maza da mata sun bi ta, suna fareti irin na soja, suka bijire wa sarkin Filinge na lokacin, Gado Namalaya, wanda Faransawa ke ɗaure wa gindi. Kumandan Yamai mai suna Croccichia ya sa aka kamo su aka tsare, sannan a 1927 aka kori shugabanninsu daga yankin. 'Yan ci-rani suka tafi da abin Gwalkwas, wato Gana ta yau, inda aka fi sanin su da sunan Hauka. A can ne Bafaranshe Jean Rouch ya ɗauke su a wani fim kusa da birnin Ankara, wanda ya fito a 1955 ya zaga duniya.

Ba tallar bori muke yi ba. Abin lura shi ne, a takardun Nasara masu tayar da zaune tsaye aka rubuta waɗannan mutane, kuma da an tsaya a nan da haka duniya za ta ci gaba da kallon kakannin Kurfayawa. Sai da masu bincike suka sake waiwayar maganar, irin su Finn Fuglestad wanda ya yi rubutu a kanta a 1975, da Nicole Echard wadda ta zauna da tsofaffin Adar da na Kurfai ta fitar da aikinta a 1989, da ɗan ƙasa masanin tarihi Kimba Idrissa, sannan aka fahimci cewa talakawa ne da haraji da aikin tilas da sarautar da aka ɗora masu suka kai bango, suka nemi hanyar nuna ƙin yarda da abin da ke hannunsu.

Haka kuma maganar yunwar 1931 da ta yi ta'adi a yammacin Nijar, har da ƙasar Filinge. Kowa ya san fara ta cinye amfanin gona a lokacin. Amma binciken Fuglestad da na André Salifou, da kuma littafin Boureima Alpha Gado na 1993 a kan tarihin yunwa a Sahel, sun nuna cewa akwai hannun hukumar mulkin mallaka a cikin tsanantar bala'in, domin ba a sassauta haraji a kan kari ba, ga aikin tilas ya kwashe majiya ƙarfi daga gonaki. Alpha Gado har sunayen da jama'a suka laƙaba wa kowace yunwa ya tattara, irin su Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Wannan darasi ne ga masu sayar da hatsi da masu riƙe da hukuma baki ɗaya, cewa ƙarancin ruwa na kawo tsada, amma sakacin mutane ne ke mayar da tsada mutuwa.

Shari'a da hukunta masu laifi

Babu ɗan kasuwar da ba ya da labarin shari'a a bakinsa. Wani an sace masa raƙumi an gan shi a wata kasuwa, wani ya ba da kaya bashi mai karɓa ya ɓace, wata an kama ɗanta ya daɗe a tsare ba a gurfanar da shi gaban alƙali ba. Muddin waɗannan labarai suna bakin rumfa, sunansu ƙorafi. Ranar da aka bi su ɗaya bayan ɗaya, aka ƙidaya, aka rubuta, sun zama hujjar da za a iya ajiyewa gaban mahukunta.

Mun ga misalin haka. A 2001 Mahaman Tidjani Alou, malami a Jami'ar Yamai, ya wallafa wani bincike a kan kotunan Nijar, wanda sunansa kaɗai ya isa bayani, domin ma'anarsa ita ce shari'a ta wanda ya fi tayi. Ya bayyana yadda jan lokaci da ƙarancin alƙalai da rashin sanin doka ke buɗe ƙofa ga wasu dillalai da ke shawagi a harabar kotu, suna shiga tsakanin mai ƙara da ma'aikaci. Aikin wani ɓangare ne na babban binciken da Giorgio Blundo da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka jagoranta a Nijar da Benin da Senegal a kan cin hancin yau da kullum, wanda ya taɓo har abin da direbobi da fatake ke fuskanta a shingayen hanya da ofisoshin duwan. Abin da kowane ɗan kasuwa ya sani a aljihunsa, sai ga shi a littafi, ana karantar da shi.

Nan kusa da mu ma, Eric Hahonou ya zauna a Balayara yana ɗalibin digirin digirgir a farkon shekarun 2000, gabanin zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, ya yi nazarin yadda sarakuna da 'yan siyasa da manyan gari ke ja-in-ja a kan iko a wannan gari da kasuwarsa ta ranar Lahadi ke ɗaya daga cikin manyan kasuwannin dabbobi na yankin. Duk mai biyan tikitin kasuwa yana da haƙƙin sanin inda kuɗinsa ke shiga, kuma irin wannan bincike ne ke buɗe hanyar tambaya.

Akwai kuma inda bincike ya taimaka aka sauya doka. Ƙungiyar Timidria ta gudanar da wani bincike a kan bauta a ƙarƙashin jagorancin Galy Kadir Abdelkader, inda aka zanta da mutane kimanin dubu 11. A 2003 aka saka bauta cikin manyan laifuka a dokar Nijar, da hukuncin ɗaurin shekara 10 zuwa 30. A watan Oktoba na 2008 kotun ƙungiyar CEDEAO ta ba Hadijatou Mani gaskiya, ta umarci gwamnati ta biya ta diyyar sefa miliyan 10.

Har yanzu da sauran aiki a gaban ɗalibanmu. Doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta rigingimun gona da na aure da na gado, sannan dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, ta 2010 kuma ta yi bayanin haƙƙin makiyaya. Shin a ƙauyukan Kurfai da Imanan da Tondikandiya sasantawar nawa ce ake rubutawa a takarda, nawa ce ke sake tashi bayan damina ɗaya? A 2011 an yi dokar kafa hukumar ANAJJ domin taimaka wa marasa ƙarfi da lauya da shawarar shari'a. Mata nawa ne a kasuwar Filinge suka san da ita? Gidan kason Filinge ya yi suna a duniya lokacin da aka tsare Hama Amadou a cikinsa daga ƙarshen 2015 zuwa watan Maris na 2016 yana takarar shugaban ƙasa. Su kuwa talakawan da ke zaman jiran shari'a a ciki, waɗanda babu gidan rediyon da ke ambaton sunansu, wa zai zauna ya rubuta tsawon lokacin da suke yi da dalilin jinkirin? Wannan aikin ɗalibin shari'a ne.

Adabin da ke bakin iyayenmu mata

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Waƙoƙin niƙa da na daka da na daɓe da na reno, da tatsuniya da kacici-kacici da habaicin kishiyoyi, duk a bakin mata suke. Injin niƙa ya shigo, dutsen niƙa ya koma bayan ɗaki, waƙarsa kuma ta bi shi. Wayar hannu ta ƙwace hirar dare, yara sun daina zama gaban kaka. Duk tsohuwar da ta rasu ba a ɗauki abin da ke kanta ba, an yi asarar da ba a mayarwa.

Ƙasar Kurfai kuwa tana da wani abu na musamman. Nan ne Hausa ta yi iyaka da Zabarmanci da Buzanci da Fillanci, a kasuwa guda ana jin harsuna huɗu, kuma Hausar Kurfayawa tana da kalmomi da karin da ba a ji a Kano ko Damagaram. Maƙwabtanmu Zabarmawa sun yi sa'ar samun Fatimata Mounkaila, wadda ta yi digirinta a kan labarin Zabarkan, sannan a 2008 ta fitar da babban tarin adabin bakan Sonrai da Zabarmawa. A Nijeriya, Ɗandatti Abdulƙadir ya yi kundin digirin digirgir a kan Mamman Shata a 1975 a wata jami'ar Amurka, tun mawaƙin yana da ƙarfinsa, bayansa kuma malamai irin su Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ta Kano suka tattara tarihin makaɗa da mawaƙa da dama. Waƙoƙin Kurfai da kirarin mafarautanta da na manomanta sun cancanci irin wannan gata.

Kada wata ta ce ita wace ce da za a rubuta maganarta. Ɗaya daga cikin littattafan da duniya ta fi sanin rayuwar matan Hausawa da su, labarin wata tsohuwa ce ta ƙasar Zazzau mai suna Baba ta Karo, wadda ta ba wata Baturiya Mary Smith labarin rayuwarta, aka buga a 1954. Ba ta yi boko ba, ba 'yar sarauta ba ce, amma har gobe ana karanta maganarta a jami'o'i. Haka nan littafin da Emmanuel Grégoire ya fitar a 1986 a kan Alhazan Maraɗi, daga bakin 'yan kasuwa ya samo shi, yadda yaro ke tashi a hannun ubangidansa har ya tsaya da ƙafarsa, da yadda aka yi cinikin gyaɗa da na ƙetare iyaka.

Fasaha da sana'ar hannu

Idan an ce fasaha, wasu kan ɗauka zane-zanen Turawa ake nufi. Tabarmar kaba da matan Dallol Boso ke saƙawa fasaha ce, haka sassaƙar ƙwarya da dukanci da ƙira da ginin tukwane da kitso da kiɗan goge da na kalangu. Mahaman Garba ya yi kundin digirin digirgir a Faransa a kan kiɗan Hausawan Nijar a 1992, kuma tun 1989 akwai cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya a Yamai, inda aka tara kayan kiɗan gargajiya. Gidan tarihi na ƙasa da aka buɗe a 1959 shi ma yana da rumfunan masu sana'ar hannu, sannan tun shekarar 2000 aka fara baje kolin SAFEM na sana'o'in mata.

A nan akwai maganar kuɗi ƙarara. Tsakanin 2021 da 2023 aka yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajista a hukumar OAPI mai kare haƙƙin mallakar fasaha a ƙasashen Afirka, domin kada wani ya yi nasa a wani wuri ya laƙa masa sunan namu. Irin wannan rajista ba ta yiwuwa sai an rubuta dalla-dalla inda ake yin abu, da kayan da ake yin sa da su, da abin da ya bambanta shi da na wasu. Wannan rubutu aikin mai bincike ne. Idan babu wanda ya zauna ya rubuta sunayen zanen tabarminmu da na ƙorenmu da asalinsu, wata rana sai mu gan su a jikin atamfa ko roba daga wata ƙasa, mu sa kuɗi mu saya.

Mutanen Filinge sun fi kowa sanin cewa bincike na iya zama abin sayarwa. Gidan kiwo na Tukunus da ke arewa da gari, wanda aka kafa a 1954, ya daɗe yana aikin inganta shanu irin na Azawak, kuma ɗaliban likitancin dabbobi da dama sun rubuta kundayensu a kan garkensa. Abin da aka yi wa saniya da nono da cuku, ana iya yi wa tabarma da ƙwarya.

Kokawa da ilimin motsa jiki

Kokawa ita ce sarauniyar wasanni a Nijar. An fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975, zamanin mulkin Seyni Kountché, haifaffen Fandu a ƙasar Filinge, kuma Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaukar takobin. A tsarin gasar kowace jiha daga cikin 8 na kawo 'yan kokawa 10. Garin Tilaberi ya karɓi baƙuncinta a 2019, shi kuwa Kadri Abdou na Doso, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, ya ɗauki takobi karo na 6 a gasar Agadas ta ƙarshen 2023. 'Yan kasuwa sun san abin da kokawa ke kawowa, domin duk garin da ta sauka, mai tuwo da mai shayi da mai nama da mai mota kowa sai ya shaida.

Masana irin su Mahaman Sériba sun yi rubutu a kan yadda kokawa ta tashi daga dandalin ƙauye bayan kaka ta koma hannun hukuma, da matsayin makaɗa irin su Sagalo da 'yan cali-cali masu ba da dariya da layu da kirari a cikinta. Amma ɗaya ɓangaren na jikin ɗan kokawa yana nan yana jiran ɗalibai. Wane irin abinci ne daga cikin abin da muke nomawa ke gina ƙarfi? Wace gaɓa ce ta fi samun rauni, kuma yaya ake kare ta? Mene ne illar ƙwayoyin da wasu matasa ke sha da sunan ƙarin kuzari? Ina ɗan kokawa ke komawa idan ƙarfi ya ƙare? A tarihin wasannin Olamfik lambobi biyu Nijar ta samu, tagullar Issaka Daboré a dambe a 1972, da azurfar Abdoul Razak Issoufou Alfaga a wasan takwando a 2016. Ƙarfi akwai shi a ƙauyukanmu, abin da ya rage shi ne sanin yadda ake renon sa tun daga makarantar firamare, har da 'yan mata.

Inda gizo ke saƙa

Matsala ta farko ita ce tsaro. Tun 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu sassan jihar Tilaberi, a farkon 2020 kuma aka hana zirga-zirgar babura, alhali babur ne motar ɗalibi mai shiga ƙauye. 'Yan kasuwa ba su manta da ranar 15 ga watan Maris na 2021 ba, lokacin da aka tare motocin masu dawowa daga kasuwar Banibangu, gwamnati ta ce mutum 58 suka rasa rayukansu. Allah ya jiƙan su. A irin wannan hali ɗalibi kan zaɓi batun da zai iya gamawa a cikin Yamai, sai ya zama yankin da ya fi bukatar a ji kukansa shi ne ba a rubuta komai a kansa. Mutanen da suka baro ƙauyukansu kuwa, tarihin rijiyoyinsu da iyakokin gonakinsu na cikin kawunan tsofaffi, kuma wannan tarihi ne za a nema ranar da aka koma gida.

Ta biyu ita ce kuɗi. Kuɗin mota da na masauki da na buga kundi duk a wuyan ɗalibi da iyayensa suke, tallafin karatu kuma ba kowa ke samu ba. Ta uku, wadda ta fi ci mana tuwo a ƙwarya, ita ce harshe. Daga Filinge zuwa Yamai kilomita kusan 180 ne, amma kundin da aka rubuta da maganar mutanen Filinge, da Faransanci yake, a kan kanta yake a ɗakin karatu, wani ma a Faransa. Wanda ya ba da labarin bai taɓa jin abin da aka yi da shi ba. Tunda kundin tsarin ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, babu sauran uzurin da zai hana kowane ɗalibi ya rubuta taƙaitaccen bayanin aikinsa cikin Hausa ko Zabarmanci, shafi biyu ko uku, a karanta a gidan rediyon gari.

Shawara ga 'yan'uwa 'yan kasuwa

Idan ɗalibi ya zo rumfarku, ku fara tambayar sa takardar makarantarsa mai hatimi, da sunan malamin da ke duba aikinsa. Ɗalibin kirki kan fara gabatar da kansa wurin hukuma da mai gari da sarkin kasuwa kafin ya shiga cikin mutane, ballantana a wannan zamani da ba a san na gida da baƙo ba. Ku nemi ya yi maku bayani da harshenku abin da yake nema da abin da za a yi da shi. Kuna da ikon ƙin amsa kowace tambaya, kuna da ikon cewa kada a rubuta sunanku, kada a ɗauki hotonku ko muryarku sai da yardarku. Ɗalibin gaskiya ba ya karɓar kuɗi, ba ya yin alkawarin taimako ko bashi, kuma ba ya neman lambar asusun wayarku. Duk wanda ya yi ɗaya daga cikin waɗannan, ku kai maganarsa gaba.

Idan kuma kun gamsu da shi, ku gaya masa gaskiya. Wanda ya rage cinikinsa don tsoron haraji, ko ya ƙara wa talaucinsa gishiri don sa ran agaji, ya ɓata lissafin da wata rana za a yi amfani da shi wajen yanke shawara a kan kasuwarsa. Ku sa masa lokacin da ciniki ya lafa, sannan ku ɗora masa sharaɗi guda, cewa idan ya gama ya dawo ya faɗa maku abin da ya gano, ya bar kwafi ɗaya a hannun ƙungiyarku ko a makarantar gari.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na mata masu adashi su ma suna iya juya akalar. Maimakon jiran ɗalibi ya zo da tambayarsa, ku kai taku. Ku ce muna son a bincika mana dalilin da ya sa satar dabbobi ba ta ƙarewa a kotu, ko yawan abin da fatake ke kashewa a hanya tsakanin Abala da Yamai, ko a ɗaukar mana waƙoƙin tsofaffinmu tun suna raye. Kuɗin motar ɗalibi guda da na buga kundinsa bai fi ƙarfin ƙungiya ba, hannu ɗaya ne ba ya ɗaukar jinka. Ga iyaye kuma, musamman masu 'ya'ya mata a jami'a, a ƙara haƙuri da tsawon karatun, domin akwai maganar da tsohuwa ba za ta faɗa wa namiji ba sai 'yar'uwarta mace.

Muna kira ga malaman jami'o'inmu da su riƙa tura ɗalibai 'yan asalin yankin su yi bincike a gida inda aka san iyayensu, ga hukumomin Filinge kuma su tanadi ko da kanta guda ce da za a tara duk abin da aka rubuta a kan Kurfai. Allah ya ba ƙasarmu lafiya, ya buɗa kasuwa, ya yi wa karatun 'ya'yanmu albarka, amin.